Mun Hana Ta Ƙwai, Mun Bar Ta Da Farar Ƙasa: Kira Ga Mutanen Lautai

Jama'ar Lautai, ƙasar Gumel! Daga cikin birni har Hammado, daga Maigatari har Galadi, daga Gagarawa har Medu, daga Sule Tankarkar har Danzomo da Jeke, ku ba ni aron kunne. Magana ce a kan mai ciki, amma ba da ita zan fara ba. An daɗe ana yi mata faɗa, a wurin awo da a rediyo da a ɗakin uwar miji: kar ki ci wannan, kar ki sha wancan. Alhali a yawancin gidajenmu ba ita ke zuwa kasuwa ba, ba ita ke riƙe da kuɗin cefane ba, ba ita ke tsayawa gaban kemis ba. Abin da aka shigo da shi zaure shi take ci. Saboda haka da maza nake magana tukuna, da iyaye mata da surukai, da masu sayar da magani, da masu sito da rumbu.

A shekarar 2017 an wallafa wani bincike da aka yi a ƙauyukan Jigawa. Ya ƙiyasta cewa a kowace haihuwa 100,000, mata 1,012 ne ke rasa ransu. Kusan ɗaya ke nan cikin ɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce a 2023 mata wajen 75,000 suka mutu a Najeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. Wa ke buƙatar lissafi ma a cikinmu? Kowa ya taɓa zuwa ta'aziyyar da aka ce an rasa uwa an samu ɗa, ko an rasa duka biyun. Ajali gaskiya ne, babu mai ja. Amma wanda ya halicci ajali shi ya umarce mu da riƙo da sababi.

Abin da ya fi kashe matanmu a wurin haihuwa shi ne zubar jini, sai jijjiga, sai zazzaɓin bayan haihuwa, sai doguwar naƙuda. A ƙarƙashinsu duka akwai ɓarawon da ke shiga tun da wuri ba a ji motsinsa ba: ƙarancin jini. Babban binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya gano kashi 61 cikin ɗari na masu ciki a Najeriya jininsu bai kai yadda ya kamata ba. Mace mai cikakken jini tana iya zubar da rabin lita a haihuwa ta tashi ta sha kunu. Wadda ta shiga ɗakin haihuwa da fararen idanu da farin tafin hannu, wannan rabin litar tana iya zama ajalinta kafin mota ta iso Gumel.

To ku dubi yadda muke yi da jinin nan. Mun ce kar ta ci ƙwai, wai yaro zai zama ɓarawo, ko ya ƙi magana da wuri. Wallahi gidan yari cike yake da mutanen da uwayensu ba su taɓa ganin ƙwai ba suna ɗauke da cikinsu. Zabi na zuba ƙwai da damina, a tara a kai kasuwa, mai ciki tana kallo. Mun ce ta rage ci kar ɗa ya yi girma ya ba ta wuya, alhali ɗan da aka haifa ƙarami shi ya fi shiga haɗari a makonnin farko, uwar da ta rame kuma ita ta fi gajiya a naƙuda. Idan an yi tuwo, a zuba na maigida da tsokar nama, a zuba na baƙi, a zuba na yara, ita ta kankare ƙanzo. An ba ta jan maganin ƙarin jini a wurin awo, ta sha kwana uku, bayan gida ya yi baƙi, wata maƙwabciya ta ce ai shi ke ƙara wa yaro ƙaton kai, sai ta tura shi ƙarƙashin katifa. Baƙin bayan gidan nan alamar ƙarfen da ke cikin maganin ce kawai, ba cuta ba ce. Kullum ake sha har a haihu, har bayan haihuwa. Ƙaramar ƙwayar da ake haɗawa da shi, folik asid, ita ke kare jariri daga irin nakasar da ake haifar yaro da ƙari ko rami a gadon baya.

Duk waɗannan mun hana, ko mun bari an zubar. Me muka ƙyale? Farar ƙasa.

A nan zan ɗan zauna, domin abin ya zama ruwan dare har ba ma ganinsa. Ana sayar da ita a tire tare da alewa, a aiki yaro ya sayo ta naira kaɗan. Wata ba farar ba ce ma, bangon ɗaki take ɓantara, wata ƙasar gara, wata gawayi, wata ƙanƙara take tauna yini guda. Mu kuma sai mu yi dariya mu ce kwaɗayin ciki ne. Likitoci sun daɗe da lura cewa irin wannan kwaɗayi yakan tafi tare da ƙarancin ƙarfe a jini. Ga kuma mugun abin: ƙasar da take ci tana kama ƙarfen da ke cikin abinci da na magani ta hana hanji tsotse shi. Jini na raguwa, kwaɗayi na ƙaruwa, ta ƙara cin ƙasa. Tana cushe ciki, tana kawo basir, tana iya ɗauke da ƙwan tsutsar ciki. Ba a nan ta tsaya ba. Hukumar kula da abinci ta Ingila a 2002, da ta Amurka a 2009, sun gargaɗi masu ciki a kan irin ƙasar nan da ake kai musu daga Afirka ta Yamma, bayan an auna an tarar da dalma mai yawa a ciki. Dalma tana ratsa mahaifa ta isa ƙwaƙwalwar ɗan tayi, kuma ɓarnar da ta yi ba ta gyaruwa. Mu 'yan Arewa mun san dalma. Mun ga abin da ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010. Idan ka ga matarka na tauna ƙasa, Malam, ba abin tsokana ba ne, ba kuma abin tsawa ba ne. Ka kai ta a auna jininta a makon nan.

Shayi ma yana da nasa laifin, duk da ba mai son jin haka. Ganyen shayi na hana jiki amfana da ƙarfen abinci idan an sha shi a kan abinci ko an kora maganin ƙarin jini da shi. A bar tazarar awa ɗaya ko biyu. Shayi da goro da kofi da lemukan ƙara kuzari na gwangwani duk suna ɗauke da sinadarin kafin, mai hana barci, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci mai cikin da ke wuce miligiram 300 a yini ta rage, saboda haɗarin ɓari da haihuwar ƙaramin yaro. Ɓarin goro don tashin zuciya ba shi ne matsala ba. Matsalar ita ce wadda bakinta ba ya rabuwa da shi daga hantsi har isha.

Yanzu na zo kanku, masu kemis da masu tallar magani a faranti. Na san a ƙauyuka da yawa ku ne asibitin farko, kuma da yawanku kuna taimako da zuciya ɗaya. Amma mutum ya zo ya ce a ba shi haɗi na ciwon jiki, ku ƙirga ƙwayoyi biyar masu launi daban-daban ku ƙulle a leda, ba ku tambaya wa zai sha ba. Ku riƙa tambaya! Tambaya ɗaya ce: mace ce, tana da ciki? Dikilofenak da ibuprofen da felbin, idan ciki ya wuce mako 20, suna iya taɓa ƙodar ɗan tayi su rage ruwan da yake kwance a ciki, a watannin ƙarshe kuma su taɓa jijiyar zuciyarsa. Kafso ja da rawaya na gudawa, tetirasaikilin, yana ɓata haƙora da ƙashin yaro tun yana ciki. Taramol da kodin, wanda gwamnatin tarayya ta haramta maganin tarinsa a watan Mayu na 2018, idan uwa ta saba da su sai a haifi jariri yana karkarwa yana tsala kuka, domin shi ma ya saba. Ƙwayoyin ƙiba da ake ce wa sha-ka-fashe suna tayar da hawan jini da suga. Mayukan bilicin wasunsu na ɗauke da zaiba, wadda ke ratsa fata ta kai ga ɗa. Allurar naƙuda kuwa, wadda wasu ke zuwa har gida su yi don a haihu da wuri, tana iya matse mahaifa har ta yage. Wanda ya yi wa mace wannan allura a ɗaki, ba na'ura ba jini a ajiye, ya sani da rai yake wasa.

Iyayenmu mata, Inna, Gwaggo, Iya, ku gafarce ni, sai na taɓo maganin zaƙi. Na san ƙauna ce ke sa ku jiƙa saiwa ku dafa sassaƙe idan ciki ya shiga wata bakwai. Kun haihu goma, kun karɓi haihuwar ashirin, ba raina saninku nake ba. Amma babu mai iya faɗin ƙarfin abin da ke cikin kofin nan: yau an dafa ya yi tsinki, gobe ya yi kauri. Wasu itatuwan suna murɗa mahaifa kafin lokacinta, wasu suna sa gudawar da ke ƙarar da ruwan jiki, wasu suna wahalar da hanta da ƙoda. Abin da ya fi ban tsoro shi ne murnar da ake yi idan an ga ruwa na fita, a ce zaƙi na zuba, magani ya yi. Wani lokaci faya ce ta tsage. Daga sa'ar da ta tsage ƙofa ta buɗe wa ƙwayoyin cuta, kuma wannan mace asibiti ya kamata ta kwana. In tsoron suga ake yi, akwai ciwon suga na masu ciki na gaske, da ɗigon jini ake gane shi a wurin awo. Haɗe-haɗen kwalba na tasha kuwa, wasu da barasa ake jiƙa su, mai sha bai sani ba, barasa kuma ba ta da ma'aunin da ya zama lafiya ga ɗan tayi.

Kanwa fa? Jar kanwa da ungurnu sun daɗe suna shigo mana ta iyaka, kuma maganarsu tana son adalci. A shekarun 1970 likitoci biyu a Zariya, Davidson da Parry, suka bayyana yadda zuciyar mata masu jego ke kumbura ta gaza, suka ɗora zargi a kan kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gado mai wuta. Daga baya Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Malam Aminu Kano ya jagoranci bincike a asibitoci da dama na ƙasar nan, aka fitar da sakamako a 2020 a kan mata 406. An tarar ciwon ya fi yawa a Arewa maso Yamma, har a wani asibiti aka samu mace ɗaya a haihuwa 96. Amma abin da ya fi fitowa fili a matsayin dalili ba kanwa ba ce: rama ce, da rashin karatu, da rashin sana'a, da hawan jinin ciki. Kun ji ko? Mun sake komawa kan yunwa. Duk da haka kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki. Wadda ƙafarta ta kumbura ko aka ce jininta ya hau, a janye mata kanwa, a sassauta gishiri da dunƙule a miya.

Mu shiga kasuwa. Ranar Alhamis duk wanda ya tsaya a karar Maigatari ya san Allah ya yi mana arzikin dabba: shanu, raƙuma, tumaki, daga Damagaram da gaba da nan. Nono abinci ne mai kyau ga mai ciki, ina ma kullum za ta samu. Sharaɗi ɗaya ne: a tafasa madara kafin a sha, kafin kuma a kwantar da ita ta zama kindirmo. Makiyaya sun san bakkale, ciwon da ke sa saniya ɓari. Ƙwayarsa tana bin ɗanyar madara ta kama mutum, ta sa zazzaɓin da ke tafiya yana dawowa, ana ta shan maganin cizon sauro a banza, kuma tana da haɗari ga ciki. Tarin fuka na shanu ma ta nan yake bi. Madarar raƙumi da ake sha ɗanya don neman lafiya ba ta fita daga wannan hukunci ba. Akuya ta yi ɓari a gida, kar a ce mai ciki ta je ta kwashe. Tsire da balangu kuma a gasa su har ciki. Wanda aka yanka aka ga ja-ja a mayar kan wuta.

Ku masu ajiye hatsi, naku laifin ya fi nauyi, domin wanda ya ci bai gani ba. Ana zuba fiya-fiya da Sniper a buhun wake don kar ya yi ƙwari, ana jefa ƙwayar hayaƙi a buhu a jingine shi a ɗakin da ake kwana. A 2015 Tarayyar Turai ta rufe ƙofa ga waken Najeriya saboda yawan irin gubar Sniper da aka samu a cikinsa. Turawa sun ƙi, mu muka ci, matanmu masu ciki suka ci a ɗanwake da alale. Ga buhun PICS mai leda biyu a ciki, yana kashe ƙwari ta hanyar toshe iska, ba ɗigon magani.  Gyaɗa da masara da suka sha danshi suka yi fumfuna suna ɗauke da wata gubar, aflatoksin, mai cin hanta, wadda bincike a Benin da Togo ya danganta da tsumburewar yara. Suya ba ta kashe ta. Amma me muke yi? Mu zaɓe mai kyau mu kai kasuwa, ruɓaɓɓiyar a yi ƙuli-ƙuli da miyar gida. Galan ɗin maganin feshi kuma, bayan an gama da gonar riɗi, a ɗauraye shi a mayar na ruwan sha ko na mai. A fasa shi a binne.

Ruwa ma haka. A 2017 ciwon shawara mai bin gurɓataccen ruwa, wanda likitoci ke kira hepatayitis E, ya ɓarke a Diffa ta Nijar, kuma mafi yawan waɗanda ya kashe masu ciki ne. A watannin ƙarshe na ciki yana iya kashe ɗaya cikin huɗu ko biyar. Zoɓo da kunun aya da ƙanƙarar leda, kafin ka saya wa iyalinka, ka san da wane ruwa aka yi.

Sauran kowa ya san su, aiki da su ne ba a yi. Mai shan sigari ya fita waje, hayaƙinsa na rage nauyin ɗansa tun kafin ya gan shi. Murhu a fitar da shi inda iska ke kaɗawa, a daina hura wuta da leda. A zafin Afrilu, mai wata takwas ba ta da aikin daka da jan guga da rana tsaka, ga samari zaune a gindin darbejiya suna danna waya. Gidan sauro na kwana ne, ba na rufe yabanya ba, Fansida kuma da ake ba ta a wurin awo daga wata na huɗu ta haɗiye a gaban ma'aikaciya. Azumi kuma, malamanmu na Malikiyya sun bayyana tun tuni cewa mai cikin da ta ji tsoro ga kanta ko ga abin da ke cikinta ta sha, ta rama daga baya. Wadda jiri ke ɗiba, ko aka ce jininta ya yi ƙasa, kar kunyar kishiya ko gorin dangin miji ya sa ta ƙi sauƙin da Allah ya yi mata.

Wani zai ce duk wannan maganar masu kuɗi ce. A'a. Abin da nake roƙo a daina, kuɗi ake kashewa a kansa. Abin da nake roƙo a ci kuwa a bayan ɗaki yake: zogale, rama, kuka, wake, awara, riɗi, gyaɗa mai kyau, ƙwan zabi, busasshen kifin Haɗeja, gero. Kuɗin goro da sigari da katin waya na mako guda ya isa ƙwai ɗaya kullum.

Saboda haka ga roƙona. Mai Martaba Sarki, Allah ya ja zamaninka, hakimai da dagatai da masu unguwanni suna jin maganarka fiye da ta kowane likita. A sa su yi shela, a san kowace mai ciki a unguwa, a san ko tana zuwa awo. Limamai, huɗuba ɗaya a kan haƙƙin mai ciki a wuyan mijinta za ta shiga inda fasta ba ta shiga. Malaman Islamiyya na matan aure, ku ware minti goma. Ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Gumel, idan kun koma gida hutu, ku karanta wa iyaye abin da ke rubuce a katin awo. Sarakunan kasuwa, ku hana zuba guba a hatsin ci kamar yadda kuke hana tauye mudu. Shugabannin ƙananan hukumomi huɗu na ƙasar Gumel, ku tabbata maganin ƙarin jini da na'urar awon jini ba su yanke a ƙananan asibitoci ba, motocin shirin Haihuwa Lafiya kuma suna da mai da taya. Ma'aikatan awo, ku sassauta harshe. Macen da aka yi wa tsawa a gaban jama'a ba ta dawowa, wurin mai saiwa za ta koma.

Kai kuma maigida, Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce a ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau takwas kafin haihuwa, na farko a cikin wata uku na farko, ba sai ciki ya fito an daina ɓoyo ba. Ka ba da izini tun yau, izini na dindindin, a gaban mahaifiyarka, don kar a zauna jiranka kana Legas ko Fatakwal. Ka ajiye kuɗin mota daban da kuɗin ragon suna. Ka karɓi lambar direba biyu a garinku. Ka je a auna rukunin jininka, ka nemi 'yan'uwa biyu da za su bayar in an buƙata. Idan ka ga jini, ko ruwa ya zubo kafin lokaci, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ko fuska da hannu sun kumbura, ko zazzaɓi mai zafi, ko ta ce motsin yaro ya ragu, kar ka tsaya jiƙo, kar ka tsaya kemis, kar ka ce bari gari ya waye. A ɗauke ta a tafi asibiti a daren.